Tawakkali da Haƙuri da Biyayya a Tarihin Jama'ar Shehu: Daga Degel zuwa Bodinga



Gabatarwa

Duk wanda ya bi ƙasar nan ta kudu da Sakkwato, watau wadda ta haɗa Sifawa da Bodinga da Dandin Mahe da Shagari, ya tsaya ya gaisa da manomi a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, zai ji amsa iri ɗaya: mun dogara ga Allah, sai haƙuri. Wannan magana gaskiya ce, kuma gado ce. Sai dai saboda yawan faɗinta ta soma yin laushi a bakinmu, har wasu sun ɗauka tawakkali shi ne naɗe hannu, haƙuri shi ne yin shiru, biyayya kuwa ita ce bin duk wanda ya fi ƙarfi. Nufina a wannan lacca shi ne mu duba yadda Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda suka zauna a wannan ƙasa, suka yi aiki da kalmomin nan uku sa'ad da duniya ta yi musu ƙunci.

Tawakkali: Hijira

Shehu ya daɗe yana wa'azi da karantarwa a Degel, cikin ƙasar Gobir, kafin al'amura su ɓaci. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokoki na hana wa'azi ga kowa sai Shehu kaɗai, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Da Yunfa ya hau gado sai abin ya ƙara tsananta. A ƙarshen 1803 mayaƙan Gobir suka faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu, suka kama mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Degel sai mutanen Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga garin da iyalinsa kaɗai, ya bar sauran jama'a. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi ya bar ƙasar tare da su.

Ranar 21 ga Fabrairu 1804 aka tashi zuwa Gudu. Mu lura da irin mutanen da suka tashi: malamai ne da almajirai da mata da yara, sun bar gidaje da gonaki cikin rani, ba su da birni mai ganuwa da za su fake a ciki. Wannan shi ne tawakkali. Amma fa ba su tashi da ka ba. An nemi raƙuma wurin abokai daga cikin Buzaye domin ɗaukar kaya da littattafai, an aika wasiƙu ga masu goyon baya, da aka isa Gudu aka yi shiri na tsaro, aka yi wa Shehu mubaya'a ya zama Amirul Muminina. Watau sun aikata duk abin da ɗan Adam zai iya, sa'an nan suka bar wa Allah sakamako. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ƙanen Shehu yana jagora. Dawakin Jama'a kaɗan ne, kwari da baka ne yawancin makamansu, duk da haka suka kori rundunar Gobir. An kwatanta wannan rana da ranar Badar.

Haƙuri: Tsuntsuwa da Alwasa

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin masu ba da labari sukan yi tsalle daga Tabkin Kwatto zuwa kafuwar daula kamar babu komai a tsakani. Alhali kuwa shekarun da suka biyo baya su ne mafi ɗaci. Jama'a ba su da rumbu, abinci ya yi wuya, cuta ta shiga sansani. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Buzaye suka yi musu mummunar ɓarna. An ruwaito cewa mutum wajen 2,000 suka rasu, daga cikinsu akwai mahaddatan Alƙur'ani wajen 200. Jama'ar da ƙarfinta duka ilmi ne, ta rasa mahaddata ɗari biyu a yaƙi guda, wannan hasara ce da ba a mayar da ita cikin shekara goma.

Me suka yi? Sun binne matattunsu, suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara domin neman abinci, daga can suka ci Birnin Kebbi a 1805, suka zauna a Gwandu. Kafin shekarar ta fita sai ga wata karaya a Alwasa, har abokan gāba suka iso bakin Gwandu, waɗansu da suka yi mubaya'a suka juya baya. Da ƙyar aka kare garin. Cikin wannan hali ne Shehu ya kammala littafinsa Bayan Wujub al-Hijra a 1806, yana tsara wa mutanensa hukuncin hijira da shugabanci da yaƙi. Mutumin da ya fid da rai ba ya zama ya rubuta wa daular da ba ta riga ta tsaya ba dokoki. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai a 1808. Saboda haka haƙurin Jama'a aiki ne na shekara huɗu cur, ana faɗuwa ana tashi. Mai dafa dutse, ai sai ya yi ta iza wuta kafin ya sha romo.

Biyayya: Sifawa da Bodinga

Bayan nasara Shehu bai nemi fada ba. Wajen 1810 ya koma Sifawa, nan kusa da Bodinga, ya ci gaba da karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba aikin tafiyar da ƙasa: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato, yamma a hannun Abdullahi, wanda ya zauna a Bodinga. A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, inda ya rasu a watan Afrilu 1817.

Rayuwar Abdullahi ita ce ta fi nuna mana ma'anar biyayya. Tun wajen 1807, da ya ga son duniya da kwaɗayin ganima sun shiga zukatan waɗansu mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Diya al-Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo wurin yayansa. Ashe biyayyarsa ba ta rufe masa baki ba: ya faɗi aibin da ya gani, ya kuma rubuta shi.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa da rasuwar Shehu. Shi ne ƙane, shi ne waziri, shi ne jagoran Tabkin Kwatto, ga ilmi da kowa ya sallama masa. Ya taso daga Bodinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, kuma bisa ruwaya an rufe masa ƙofar gari. Da ya ja runduna, da daular ta tsage tun tana jaririya, domin a lokacin nan tawaye ya tashi ta ko'ina, har Abdussalami na Gimbana ya yi bore. Abdullahi ya juya ya tafi Gwandu da ɓacin ransa. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya gagare shi, Bello ya kawo masa gudummawa aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Kowannensu ya ba ɗan'uwansa haƙƙinsa, ƙasa ta zauna.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne kalmomin nan uku kowace da sharaɗinta. Tawakkalin Degel yana tare da shiri, haƙurin Tsuntsuwa yana tare da naci, biyayyar Bodinga kuwa tana tare da faɗin gaskiya, kuma an yi ta ne domin kada jama'a ta wargaje. Mutanen da suka ƙi bin Yunfa su ne suka bi Bello, saboda abin da suke bi shi ne gaskiya.

Manomin Dandin Mahe da ya ce ya dogara ga Allah bayan ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, yana kan tafarkin magabata. Amma shugaban da ya ce wa talakawa su yi haƙuri alhali bai sauke nauyin da ke kansa ba, ya ari kalmar Jama'a ne ya bar aikinsu, kuma Diya al-Hukkam domin irinsa aka rubuta shi. Allah ya ba mu haƙuri irin na mutanen Gudu, ya ba shugabanninmu adalcin da zai sa biyayya ta yi sauƙi.