Daga Juji Zuwa Gidan Tarihi: Aikin Masu Tarawa da Masu Gyara Wajen Adana Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda wasannin bidiyo, waɗanda masu ƙera su suka ɗauka tamkar kayan yayi da za a sayar a manta, suka koma kayan tarihi da ake nema ruwa a jallo. Na san akwai daga cikin malamai wanda zai ce me ya kawo wasan yara zauren ilimi. Amsar da zan ba shi ita ce, haka aka taɓa raina majigi, sai da aka wayi gari yawancin finafinan farko sun salwanta sa'an nan aka fara cizon yatsa. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa murya sun ɓace baki ɗaya.

Abin da nake so in tabbatar shi ne, wasan bidiyo ya bambanta da littafi ta wata fuska muhimmiya. Littafi in an tsare shi daga gara da laima, duk wanda ya iya karatu zai buɗe ya karanta bayan shekara ɗari. Wasan bidiyo kuwa ba ya samuwa sai an kunna shi a kan na'ura mai rai. Saboda haka tarihin adana shi, tarihi ne na masu gyara da masu tarawa kafin ya zama na jami'o'i.

Asali, da Faɗuwar Kasuwa

A shekarar 1962 Steve Russell da abokansa a cibiyar MIT ta Amurka suka shirya wasan Spacewar! a kan kwamfutar PDP-1, wadda ake loda mata umarni da zaren takarda mai huji. Bayan shekara goma, watau a 1972, aka fitar da Magnavox Odyssey, na'urar wasa ta farko da ake jona wa talabijin a gida, bisa ƙirar injiniya Ralph Baer. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Atari ya fito da Pong. A 1977 Atari ya kawo na'urar da daga baya aka sani da 2600, mai amfani da kaset ɗin da ake cirewa a sauya. Daga nan ne wasa ya zama abin da mutum zai riƙe a hannu, ya ajiye a kan kanta, ko ya ba maƙwabci aro.

Kasuwa ta bunƙasa har ta wuce kima. Kowane ƙaramin kamfani ya shiga buga kaset, mai kyau da marar kyau, har masu saye suka kasa rarrabe tsaki da tsakuwa. A ƙarshen 1982 Atari ya fitar da wasan E.T., wanda aka ba Howard Scott Warshaw mako biyar da 'yan kwanaki kacal ya shirya don a riski cinikin Kirsimeti. An buga miliyoyi, mutane da yawa suka mayar wa 'yan kasuwa. A 1983 Atari ya yi hasarar fiye da dala miliyan 500, kuma kasuwar wasannin gida ta Amurka ta durƙushe.

A watan Satumba na 1983 aka kwaso kaya a manyan motoci daga ma'ajiyar kamfanin da ke El Paso, aka kai su jujin garin Alamogordo a Jihar New Mexico, aka binne, aka malala kankare a kai. Jaridu sun ba da labarin a lokacin. Duk da haka, da shekaru suka ja, sai abin ya koma kamar almara, wasu na cewa an yi, wasu na cewa ƙanzon kurege ne. Wannan kansa abin lura ne ga mai nazarin tarihi: al'amarin da aka buga a jarida ya zama abin gardama cikin shekara ashirin, domin ba wanda ya ɗauke shi da muhimmancin da zai ajiye shaidarsa. Ran 26 ga Afrilu, 2014, aka tone ramin a gaban jama'a, tare da masana kimiyyar tono kayan tarihi. An fito da kaset wajen 1,300, ba na E.T. kaɗai ba. James Heller, tsohon ma'aikacin Atari wanda ya kula da binnewar, ya ce adadin da aka binne ya kai kusan 728,000. Hukumar garin ta yi gwanjon 881 daga ciki ta sami fiye da dala 100,000, ɗaya kuma ya tafi gidan tarihi na Smithsonian da ƙurarsa da lanƙwasarsa.

Aikin Mai Gyara

A nan nake so in daɗe, domin nan ne gundarin maganar. Na'urorin nan ba a yi su don su kai shekara arba'in ba, kuma kowace tana da irin cutarta.

Mu ɗauki na'urar Nintendo, wadda ta fito a Japan da sunan Famicom a watan Yuli na 1983, ta isa Amurka da sunan NES a 1985. A samfurin Amurka ana tura kaset ne ta gaba a danna shi ƙasa, sai ya haɗu da wani baki mai haƙoran ƙarfe 72. Yawan dannawa yakan sa haƙoran su saki, datti kuma ya taru. Ga kuma wani guntu da kamfanin ya saka a ciki, mai suna 10NES, wanda aikinsa shi ne tantance ko kaset na halal ne. In haɗuwar ba ta yi kyau ba, sai guntun ya ɗauka kaset ɗin jabu ne, ya yi ta kashe na'urar yana kunnawa, jar fitila tana ƙyaftawa. Yaran wancan zamani sun yi imani cewa hura iska da baki cikin kaset shi ne magani. Gaskiyar magana, cirewa da mayarwar ce take gyara zaman haƙoran, tururin baki kuwa tsatsa yake jawowa. Mai gyara na yau yakan wanke haƙoran, ya ɗago su ɗaya bayan ɗaya ko ya sauya bakin dungum, wani lokaci kuma ya yanke ƙafa ta 4 ta guntun nan mai gadi don ya daina tsoma baki.

Cuta ta biyu ita ce ta batir. Kaset ɗin The Legend of Zelda da ya fito a Amurka a 1987 yana da ɗan batir mai kamar kwabo a cikinsa, wanda ke riƙe inda mai wasa ya tsaya. Wasannin Pokémon Gold da Silver na 1999 sun ƙara da agogo mai tafiya ko da an kashe na'ura, don haka batirinsu ya fi saurin ƙarewa. Ranar da batir ya mutu, duk abin da yaro ya tara cikin watanni ya tafi. Sauya shi ma sai da dabara, domin da zarar an narkar da darmar da ta riƙe shi an ɗaga, wuta ta yanke, abin da ake son ceto ya goge. Masu hankali sukan fara kwafe ajiyar zuwa kwamfuta tukuna.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na allon CPS-2, wanda kamfanin Capcom ya fara sakawa cikin manyan akwatunan wasa na jefa kuɗi a 1993. Don gudun masu satar fasaha, an kulle umarnin wasan da mabuɗin sirri, aka ajiye mabuɗin a wurin da batir ne kaɗai ke riƙe da shi. Batir na mutuwa, mabuɗi ya ɓace, allo ya zama gawa alhali ba abin da ya ƙone a jikinsa. Masu sha'awa ne suka warware wannan kulli a 2007, kuma a 2016 aka bayyana hanyar mayar wa mataccen allo mabuɗinsa ya farfaɗo.

Sauran cututtukan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran rediyo. Kafasita, ɗan abin nan mai kamar ƙaramin gwangwani da ke tara wuta, yakan tsufa ya zubar da ruwa mai cin tagullar allo. Game Gear ta kamfanin Sega, ta 1990, ta yi ƙaurin suna da wannan, haka ma Xbox ta farko ta 2001. Sa'an nan akwai matsalar talabijin. Bindigar wasan Duck Hunt tana dogara da yadda tsohon akwatin talabijin mai doro yake haska hoto nan take, ba ta aiki da shafaffen talabijin na yanzu. Ke nan mai son ya ga wasan yadda aka yi shi dole ya adana talabijin ɗin ma, ya kuma iya gyaransa.

Ƙololuwar wannan sana'a, a ganina, ita ce farfaɗo da PDP-1 da aka yi a Gidan Tarihin Kwamfuta da ke Mountain View, Kalifoniya, tsakanin 2004 da 2005. Cikin waɗanda suka sa hannu har da Steve Russell da Peter Samson, mutanen da suka rubuta Spacewar! tun suna samari. Suka dawo da furfurarsu suka riƙa nuna wa baƙi wasan a kan ainihin irin na'urar da aka haife shi.

Kwaikwayo da Kwafi

Amma fa ƙarfe kome gyara wata rana zai gaza. Wannan ne ya sa Nicola Salmoria, mutumin Italiya, ya fitar da MAME a watan Fabrairu na 1997. Manhaja ce da ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar na'ura, har wasan ya gudana bai san an sauya masa gida ba. Masu aikin sun sha faɗin cewa babbar manufarsu ita ce rubuta bayanin yadda na'urorin suke aiki, yin wasa kuwa riba ce ta gefe. Mu da muka saba da rubutattun littattafan Ajami ba za mu yi mamaki ba, don da yawa daga cikinsu ba da takardar mawallafi suka iso mana ba, sai da hannun almajiran da suka yi ta kwafa.

Wani lokaci kwafin shi kaɗai ne ya rage. Tsakanin 1995 da 2000 an watsa wasanni a Japan ta tauraron ɗan adam zuwa na'urar Satellaview. Ba a sayar da su a kanti ba, suna sauka ne cikin ɗan kaset ɗin ajiya, sabo ya goge tsoho. Abin da ya tsira shi ne abin da wani ya manta bai goge ba, har mai tarawa ya sayi kaset ɗin a kasuwar tsofaffin kaya ya tarar da shi.

Masu Tarawa Iri Biyu

Ya kamata a bambanta mai tarawa don ya kunna da mai tarawa don ya sayar. Na biyun ya yi tashe a 2021. A watan Yuli na shekarar aka sayar da Super Mario 64 guda ɗaya, wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba, a kan dala miliyan 1.56 a gwanjon Heritage, a watan Agusta kuma Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Waɗannan wasanni ne da aka buga miliyoyinsu, ba ƙarancinsu aka saya ba, ledar aka saya. Ana rufe su cikin akwatin roba mai garai-garai da lambar daraja a goshi, kuma ranar da aka buɗe don a kunna, kuɗin ya zube. Ban ga abin da tarihi ya ƙaru da shi a nan ba, illa tsadar da ta hana ƙananan masu tarawa da gidajen tarihi sayen abin da suke bukata.

Sabon Zamani da Sabuwar Hasara

Mai sauraro zai zaci wasannin yau sun tsira daga wannan duka. Akasin haka ne. Tsohon kaset yana da jiki, ko an binne shi ana iya tonowa. Wasan da ake saukewa ta intanet kuwa yana hannun mai kanti. A watan Afrilu na 2015 Konami ya janye P.T. daga kantin PlayStation, ya rage sai a na'urorin da suka riga suka sauke shi. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe sayayya a kantunan 3DS da Wii U, inda akwai wasanni masu yawa da ba a taɓa buga su a kaset ko faifai ba. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ya kashe kwamfutocin da wasan The Crew ke dogara da su, sai faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya ƙi tashi, kuma ba wata kafasita da mai gyara zai sauya.

A watan Yuli na 2023 gidauniyar Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa a 2017, ta fitar da bincike tare da Software Preservation Network. Sun gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Na kafin 1985 kuwa, waɗanda ake samu ba su kai kashi 3 ba.

Gidajen tarihi sun shigo, ko da yake a makare. Gidan MoMA na New York ya karɓi wasanni 14 a 2012, gidan The Strong da ke Rochester kuma ya tara dubbai. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta sassauta musu a 2015 da 2018, ta yarda su karya makullin wasu wasanni don adanawa, bisa sharaɗin a yi amfani da su a cikin harabarsu. Da ɗakunan karatu suka roƙi a ba su izinin nuna wa masu bincike waɗannan wasanni daga nesa ta intanet, ƙungiyar kamfanonin wasanni ta yi adawa, tana tsoron kada abin ya koma gidan wasa na kyauta. A watan Oktoba na 2024 Ofishin Haƙƙin Mallaka ya ƙi amincewa da roƙon. Bisa wannan hukunci, ɗalibin da ke Tokyo ko Zariya wanda yake son nazarin wasan da aka adana a Rochester, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi ya je da ƙafarsa.