Yadda Batir Ya Gindaya wa Sarbo Iyaka

Duk wanda ya taɓa haɗa mutum-mutumi mai rimot ya san sarbo: ɗan akwatin nan mai wayoyi uku, da ƙaramin inji da haƙoran giya a cikinsa, wanda ke juya hannu zuwa inda aka umarce shi ya tsaya cak. A jikin kwalinsa galibi an rubuta bolt 4.8 zuwa 6. Wannan lamba ba daga sama ta faɗo ba, gado ce daga batir.

Asali ma ba don mutum-mutumi aka ƙera sarbo ba, kayan masu wasa da ƙananan jiragen sama ne. A shekarun 1950 da murɗaɗɗiyar roba ake karkata jelar jirgi, ko dama gaba ɗaya, ko hagu gaba ɗaya, ko ta miƙe, babu karkatawa kaɗan-kaɗan. A shekarun 1960 aka fito da tsarin da ake bi har yau, inda tsawon ɗan saƙon lantarki ke faɗa wa sarbo inda zai tsaya. Batirin caji na wancan zamani nikel-kadmiyam ne, kowace ƙwaya bolt 1.2. Ƙwaya huɗu, 4.8 ke nan; mai son ƙarin ƙarfi ya sa biyar ya sami 6. A kan wannan kamfanoni irin su Futaba na Japan suka gina kayansu, wuta na tafiya daga batir zuwa sarbo ba wani shamaki.

Da motocin wasa masu injin lantarki suka zo da ƙwaya shida, bolt 7.2, sai aka ƙirƙiro na'urar da ake kira BEC, mai rage wutar babban batir domin sarbo ya samu daidai cikinsa. Ta yi amfani, amma irin ta farko ƙona rarar wutar take yi ta zama zafi.

A wajen masu mutum-mutumi ne asirinta ya tonu. Gasar Robot Wars ta soma a San Francisco a 1994, allon Arduino kuma ya fito daga Italiya a 2005, jama'a suka rungumi sana'ar. Ƙaramin jirgi na iya wadatuwa da sarbo huɗu, amma mutum-mutumi mai ƙafa shida yakan ci 18. Idan suka ɗauki nauyi a lokaci guda, ko hannu ya cije, wutar da suke zuƙa takan fi ƙarfin BEC. Wuta ta yi ƙasa, na'urar karɓar saƙo ta ɗauke, abu ya sandare a tsakiyar fili. Mai shi ya yi ta zargin rimot, alhali yunwa ce.

Batirin LiPo, da ya yaɗu a farkon shekarun 2000, ya ƙara dagula lissafi. Ƙwaya biyu bolt 7.4 ne a rubuce, amma in an cika caji 8.4 suke kaiwa, abin da ke iya ƙona tsohon sarbo. Daga baya masu ƙira suka yi abin da a ganina shi ne daidai: suka fito da sarbo mai jure bolt 8.4, aka koma jona shi kai tsaye kamar da.

Sai dai tsohon samfuri bai bar kasuwa ba, kuma shi ne mai araha. Don haka, ɗan'uwa, kafin ka jona sarbo da batir, duba abin da aka rubuta a jikin sarbon, ka auna batirin yana cike, sannan ka haɗa baƙar wayarsa da ta allon sarrafawa.