Singafo: Yadda Jika Ya Kasa Hira da Kakarsa

Tunda aka fara zancen saka Sinanci a manhajar sakandare a Nijeriya nake ganin muhawara a nan, wasu na murna, wasu na cewa sabon mulkin mallaka ne. Ni dai abin ya tuna mini da Singafo, ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta 'yan asalin Sin ne, amma har gobe tana fama da yadda 'ya'yanta za su riƙe Sinanci.

Yawancin kakanninsu daga kudancin Sin suka zo, kuma ba Mandarin suke yi a gida ba. Hokkien suke yi da Teochew da Cantonese. Mutane ne masu kishin harshe, don Jami'ar Nanyang da ta fara karatu a 1956 da karo-karo aka gina ta, har masu tura keken haya sun ba da nasu.

Bayan samun 'yanci a 1965, gwamnatin Lee Kuan Yew ta wajabta wa kowane ɗalibi harsuna biyu daga 1966: Turanci don neman abinci, harshen asali don kada yaro ya manta tushensa. Sai dai harshen asalin da aka zaɓa wa Sinawa shi ne Mandarin. A 1979 aka ƙaddamar da gangamin kowa ya koma Mandarin, aka janye yawancin shirye-shiryen Hokkien da sauransu daga rediyo da talabijin. A 1980 aka haɗe Nanyang da Jami'ar Singafo. Zuwa 1987 Turanci ya zama harshen koyarwa, Sinanci ya koma darasi guda a jadawali.

To, an samu riba. Ɗan Singafo yana iya ciniki a Landan da Beijin ba tafinta. Amma kun san me aka rasa? A gidaje da yawa kaka na jin Hokkien kaɗai, jika na jin Turanci da Mandarin ɗin aji, suna zaune ɗaki ɗaya sai murmushi da nuni da hannu. A ƙidayar 2020, kashi 48 cikin ɗari sun ce Turanci suka fi yi a gida. Shi kansa Lee ya amsa a 2009 cewa an yi kuskure da aka riƙa koyar da Sinanci ta hanyar hadda da shifta, har yara da yawa suka tsane shi.

Jama'a, idan 'yan asalin harshen ma darasin aji bai wadatar da su ba, ina ga yaronmu da zai haɗa shi da Hausa da Turanci? Ni ban ƙi a koya ba wallahi, duk wanda ya taɓa sayayya a Guangzhou ya san amfaninsa. Amma a tanadi malamai tukuna, a koyar da shi ta hira, kuma kada ya ci gurbin harshen da yaro zai gaishe da kakarsa da shi.

Allah Ya sa mu ɗauki darasi.