Titi a Sama, Bututu a Ƙasa: Yadda Aka Shata Unguwannin Zariya

Duk injiniyan da aka ba aikin sake gina titin wata unguwa a Zariya, da magudanarta da bututun ruwanta, yakan tarar da garuruwa uku a cikin gari ɗaya. Kowanne da zamanin da aka shata shi, kowanne da hukumar da ta riƙe igiyar awonsa.

Na farko shi ne birni, cikin ganuwa. Manyan hanyoyinsa sun taso ne daga ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, suka nufi fada da masallacin Juma'a da kasuwa. Tsakaninsu kuwa lunguna ne da suka bi katangun gidaje, faɗinsu daidai wucewar mutum da jakinsa. Sau da yawa akan ɗauka birnin ba shi da tsarin zubar da ruwa, alhali yana da nasa. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne suka zama kududdufai. Ruwan sama yana zubowa daga indararo, ya bi kwata, ya gangara lungu, ya tare a kududdufin unguwa. Kududdufi yana tara sauro da shara, babu musu. Amma duk wanda aka cike aka yi gini a kansa ba tare da an buɗe wa ruwan wata hanya ba, damina takan dawo neman wurinta, a zauren wani ko a ɗakin wani.

Na biyu ya zo tare da jirgin ƙasa. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya iso Zariya a 1911, kuma a kusa da tasha ne Sabon Gari ya kafu domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa, galibinsu baƙi daga kudu. Tudun Wada, tsakanin ganuwa da kogin Kubanni, ta zama mazaunin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. An yanka filayen waɗannan unguwanni a jere, da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna. A Sabon Gari akan bar siririn layi a bayan gidaje domin masu kwashe bokitin bahaya da dare. Yau da babu bokitin, wannan layin shi ne wuri mafi dacewa da binne bututu, in dai bai riga ya zama shago ko ɗakin haya ba.

Na uku shi ne Barikin Turawa. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta raba garuruwan Nijeriya aji uku, Legas kaɗai a aji na ɗaya, Zariya da Kano da Kaduna a aji na biyu. Ƙa'idar zamanin ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko musu zazzaɓi. Abin da ya fi wannan tazara daɗewa shi ne rabon iko. Bariki da Sabon Gari sun fara ne a hannun Joji, birni kuwa yana hannun En'e, kowane ɓangare da asusunsa da ma'aikatansa da takardunsa. Dokar tsara garuruwa ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ta ba da ikon tsara yanki guda, amma ta tarar da gari ya riga ya rabu.

Ruwan famfo ya zo ne bayan tituna. An gina matatar ruwa ta farko a bakin kogin Galma a 1939, aka ƙara babba a 1975, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da makarantu da barikokin soja suka ja jama'a zuwa Samaru da kewaye. Bututun ya bi inda ya sami hanya. A unguwannin da aka yanka a jere ya bi gefen titi. A cikin birni ya ratsa lunguna, wani wuri ma ya kwanta a cikin kwata, inda ko ƙaramin tsagu ya isa ya shigar da ƙazanta cikin ruwan sha a duk lokacin da aka ɗauke ruwa bututun ya zama fanko. Daga babban bututu kowane magidanci ya ja nasa, kuma ilimin inda aka binne shi ya zauna a kan tsohon mai gyaran famfo na unguwa.

A Faris, lokacin da Haussmann ya sake fasalin birnin a shekarun 1850 da 1860, injiniyansa Belgrand ya gina manyan magudanai a ƙarƙashin sababbin tituna, ya rataya bututun ruwa a cikinsu, ta yadda ma'aikaci zai shiga ya gyara ba tare da an fasa titi ba. Zariya ba ta da dukiyar Faransa, amma jerin aikin ba ya bukatar dukiya: a fara gano abin da ke ƙasa, a shimfiɗa magudana da bututu, a kawar da turakun lantarki, a bar hanyar tsallakar da bututu ƙarƙashin titi, sannan a zuba tsakuwa da kwalta.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna tsadar saɓa wannan jeri. An ba da kwangilar sabuwar matata mai tace lita miliyan 150 a rana a 2008, zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka ƙaddamar da ita a 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Bankin Raya Ƙasashen Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi suka sa kuɗi a aikin jawo ruwan da rarraba shi, da nufin ya wuce Zariya ya kai ƙananan hukumomi irin su Makarfi da Kudan. A 2019 kuma aka ƙaddamar da shirin sabunta birane na Jihar Kaduna, wanda ya faɗaɗa tituna a Kaduna da Zariya da Kafanchan. Titunan sun yi kyau, sun kuma sauƙaƙa zirga-zirga. Sai dai katafila ta lalata bututu a wurare da dama, har gwamnatin da ta biyo baya ta sa maye gurbinsu cikin ayyukanta. A unguwar da aka yanke wa bututu, gibin 'yan garuwa ne ke cike shi, jarka bayan jarka, kuɗin kuma daga aljihun magidanci yake fita.

Garuruwan arewacin jihar, Ikara da Makarfi da Kudan da irin su Saulawa, suna kan matakin da Tudun Wada ta taka fiye da shekara ɗari da suka wuce: gona tana zama fili, fili yana zama gida. Bambancin shi ne yawancin yankan yanzu awon igiya ne. Mai gona ya kira mai awo, a fitar da filaye hamsin da ɗari, mai unguwa ya shaida. Kowane taku da aka bar wa hanya ragi ne a kuɗin mai gona, don haka hanyar takan fito siririya, ba wurin magudana, ba wurin bututu, ba wurin turke. Hukumar KASUPDA ce ke da ikon amincewa da tsarin unguwa, KADGIS kuma ke riƙe rajistar filaye, amma galibi sukan iso ne bayan an zuba harsashi. Ranar da aikin ruwa ko na titi ya iso irin wannan layi, safiyo zai fara ne da shafa jan fenti a katangun mutane, kuma diyyar zauruka da shagunan da za a rushe ce za ta buɗe lissafin kwangilar.