Ma'aikatan Gadansk da Gwamnatin da Ta Ce Tasu Ce

Tarihinmu na wannan karo daga ƙasar Poloniya ya fito, a Turai ta gabas.

Bayan yaƙin duniya na biyu, gwamnatin gurguzu ta karɓe masana'antun ƙasar. Ita ke tsara abin da za a ƙera, ita ke yanka albashi da farashin nama. Tana cewa mulki na ma'aikata ne. Masu goyon bayanta suna da hujja: kowa na da aiki, lakkwal da asibiti kyauta, hayar gida da araha. Masu suka kuwa suka ce a dubi layin kanti da shekarun da iyali ke yi suna jiran gida. Kuma sandikar ma'aikata ƴar amshin shatan jam'iyya ce, to wa za a kai wa kuka?

A Disamba 1970 aka ƙara farashin abinci, ma'aikatan bakin teku suka fito, soja suka buɗe wuta, mutum fiye da 40 suka mutu. A Yuli 1980 aka sake ƙara kuɗin nama. Ran 14 ga Agusta maƙeran jiragen ruwa na Gadansk suka shiga yajin aiki, bayan an kori wata ma'aikaciya, Ana Walentinowic. Wannan karo ba su fita titi ba, sai suka zauna cikin ma'aikatar. Lek Walesa, mai gyaran lantarki, ya shige gaba. Suka rubuta buƙatu 21 a kan allunan katako. Ta farko ba albashi ba ce, sandika ce mai cin gashin kanta. Ran 31 ga Agusta gwamnati ta sa hannu. Sandikar Solidarnosc ta tara mutum wajen miliyan 10, har Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja ran 13 ga Disamba 1981. A 1989 ta ci zaɓe, a 1990 Walesa ya zama shugaban ƙasa.

Amma gardama ba ta ƙare nan ba. Kantuna sun cika, rashin aiki kuma ya shigo, ma'aikatar jiragen kanta ta karye a 1996. Abin da muka tsinta shi ne, ko gwamnati ke da ma'aikata ko attajiri, lebura na bukatar bakin magana nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba mu alheri, amin.