Hutun yara a gona: asalin sana'ar, haɗurranta da dokokin da aka gindaya mata

Yawon buɗe ido na gona shi ne manomi ya buɗe ƙofarsa ga baƙi, su biya kuɗi su ga yadda ake noma da kiwo, su ci abin da gonar ta samar, wani lokacin ma su kwana. A Turai da Amurka da Ostireliya da New Zealand, wannan harka ta zama babban zaɓi ga iyalai masu ƙananan yara a lokacin hutu. Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalin yaran: kusantar dabbobi, da kewaya gona a kan abin hawan da ke bin hanyar da babu kwalta. Waɗannan biyun kuma su ne suka fi jefa su cikin haɗari. Tarihin sana'ar ya nuna cewa doka ce ta ba ta gindin zama, sannan yawancin ƙa'idojin kare yara an rubuta su ne bayan wasu yaran sun riga sun jikkata.

Yadda ziyarar take

Gonar Agrodome da ke kusa da garin Rotorua a New Zealand tana cikin misalan da suka fi daɗewa. An buɗe ta a 1971, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Godfrey Bowen, wanda a 1953 ya kafa tarihi da aske gashin tumaki 456 cikin awa tara. Wasan nuna tumaki da ya shirya a bajekolin duniya na birnin Osaka a Japan cikin 1970 ya samu karɓuwa sosai, abin da ya sa aka yi masa mazauni na dindindin a gida. A can ana jera irin tumaki 19 a kan dandamali, a yi askin tunkiya a gaban jama'a, a nuna yadda karnukan kiwo ke kora garke, yara kuma su shayar da 'yan raguna madara da kwalba. Daga nan sai a ɗebi baƙi a bayan tarakta a zaga da su cikin makiyaya, ana tsayawa suna ciyar da dabbobi da hannunsu.

Kusan haka tsarin yake a sauran wurare, sai dai bambancin girma. A Birtaniya akwai ranar Lahadi guda a kowace shekara da ɗaruruwan manoma ke buɗe gonakinsu ga jama'a, shirin da ƙungiyar LEAF ta fara a 2006. Akwai kuma ƙananan gonaki a tsakiyar birane, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a unguwar Kentish Town ta Landan a 1972, domin yaran da ba su taɓa ganin akuya ido da ido ba.

Dokar da ta kafa sana'ar a Italiya

Italiya tana cikin ƙasashen da suka fara yi wa harkar doka ta musamman. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, miliyoyin mutane sun bar karkara sun nufi masana'antun arewacin ƙasar da na ƙetare. Tsohon tsarin noma-mu-raba, inda mai ƙasa da mai aiki ke raba amfanin gona, ya durƙushe, har a 1964 aka haramta ƙulla sabuwar yarjejeniya irinsa. Gidajen gona da dama, musamman a yankin Tuskani, suka zama kufai.

A 1965 wasu manoma suka kafa ƙungiyar Agriturist domin jawo mutanen birni zuwa karkara. Shekara 20 bayan haka majalisa ta zartar da doka mai lamba 730 ta 1985, wadda doka mai lamba 96 ta 2006 ta maye gurbinta. Jigon dokokin biyu shi ne noma ya ci gaba da zama babban aikin gonar, karɓar baƙi kuma ya biyo baya. Gine-ginen gonar da suke nan tun asali ake gyarawa a sauki baƙi, kuma mafi yawan abincin da za a ba su sai ya fito daga gonar ko daga maƙwabtanta. Da wannan sharaɗi aka toshe wa masu otal hanyar ajiye awaki biyu a tsakar gida su kira kansu manoma. Gwamnatin tsakiya ta shimfiɗa ginshiƙi, ta bar wa gwamnatocin yankuna aikin rajista da sa ido da ƙayyade yawan baƙi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar, Istat, sun nuna cewa a 2022 irin waɗannan gonaki sun haura 25,000, kuma Tuskani ce kan gaba.

Dokar Italiya ta amsa tambayar wane ne manomi da abin da aka yarda ya sayar. Batun abin da ka iya samun yaron da ya shafa ɗan maraƙi kuwa, a Ingila ya fi fitowa fili.

Cutar da ke ɓoye a kashin dabbobi

A watannin Agusta da Satumba na 2009, ƙwayar cutar da ake kira E. coli O157 ta ɓarke a tsakanin waɗanda suka ziyarci gonar Godstone a gundumar Surrey da ke kudancin Ingila. Mutum 93 suka kamu, 76 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara goma. An kwantar da 27 a asibiti, 17 kuma cutar ta taɓa musu ƙoda, har ta kai wasu ga wankin ƙoda. Ba a rasa rai ba, amma ita ce ɓarkewa mafi girma irinta da aka danganta da gonar baƙi a Birtaniya.

Shanu da tumaki da awaki kan ɗauki wannan ƙwayar cuta a hanjinsu ba tare da nuna alamar rashin lafiya ba, saboda haka ƙoshin dabba ba shaida ba ce. Tana fita a cikin kashi, ta manne a gashin dabbar da shinge da takalmi da tayar keken jariri, kuma tana iya shafe watanni a ƙasa. Ƙwaya kaɗan ta isa ta kwantar da mutum. Ƙananan yara sun fi shiga haɗari domin hannunsu ba ya rabuwa da baki, kuma ƙodarsu ta fi saurin illatuwa daga dafin da ƙwayar ke fitarwa. Alamun farko, wato ciwon ciki da gudawa wadda kan zo da jini, sukan bayyana bayan kwana uku zuwa huɗu, lokacin da iyalin sun riga sun koma gida.

Kwamitin bincike mai zaman kansa ƙarƙashin Farfesa George Griffin ya fitar da rahotonsa a watan Yunin 2010. Ya gano cewa da an rage cuɗanyar baƙi da kashin dabbobi, kuma da hukumomin lafiya sun ɗauki mataki da wuri, da adadin waɗanda suka kamu bai kai haka ba. Babban darasin rahoton shi ne cewa allon da aka rubuta wa iyaye su wanke wa yara hannu bai wadatar ba. Wajibi ne tsarin gonar kansa ya yi kariya: a raba wurin cin abinci da wurin wasa da garken dabbobi, a tsaftace hanyoyin da baƙi ke bi, a sa famfo da sabulu a daidai mafita. Daga baya masu sana'ar da hukumomi suka fitar da kundin ƙa'idoji na bai ɗaya a kan haka.

Akwai ƙarin abubuwa biyu da hukumomin lafiya na Birtaniya ke nanatawa. Na farko, man tsaftace hannu da jama'a suka saba da shi a lokacin annobar korona ba ya maye gurbin ruwa da sabulu a gona, domin ba ya cire datti, kuma ba ya kashe ƙwayar kiriftosforidiyom da 'yan raguna da maruƙa ke yaɗawa. Na biyu, mace mai juna biyu ta nisanci tumakin da ke haihuwa, saboda cututtukan da ke sa tunkiya ɓari suna iya shafar cikin mutum.

Babur mai taya huɗu da bayan tarakta

Ɓangare na biyu na ziyarar shi ne abin hawa, kuma a nan muhawarar ta fi zafi a Amurka da Ostireliya. Kamfanin Honda ya fitar da babur mai taya uku na shiga daji a 1970, ya samu kasuwa sosai a Amurka. Yawan mace-mace da raunuka, musamman na yara, ya sa a 1988 gwamnatin Amurka da manyan kamfanonin suka rattaba hannu kan yarjejeniyar daina sayar da masu taya uku. Masu taya huɗu suka maye gurbinsu, sai dai matsalar kifewa ba ta gushe ba.

Dalilin yana cikin ƙirar babur ɗin. Nauyinsa yana sama, tazarar tayoyinsa kuma ba ta da faɗi. Domin ya sha kwana ko ya hau tudu lafiya, sai matuƙi ya riƙa karkata jikinsa yana daidaita nauyi. Yaro ba shi da nauyin da zai yi hakan, ba shi kuma da ƙarfin ɗaga injin da kan kai kilo 300 idan ya danne shi. Doguwar kujerar da ake gani an yi ta ne domin matuƙi ya matsa gaba da baya, shi ya sa goyo ke ƙara haɗari. A kan haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya tuƙa irin wannan babur, yayin da kamfanoni ke ƙera ƙanana masu taƙaitaccen gudu da sunan na yara.

Ostireliya ta bi ta hanyar ƙira. Ƙa'idar da ta fitar a 2019 ta tilasta cewa daga Oktoban 2021, duk sabon babur mai taya huɗu na aikin gona sai ya zo da ƙarfen da ke hana shi danne matuƙi idan ya kife, sai kuma ya ci jarrabawar tsayuwa a gangare. Wasu manyan kamfanoni, ciki har da Honda da Yamaha, sun yi adawa da matakin har suka daina sayar da irin baburan a ƙasar, amma gwamnati ba ta janye ba.

A Birtaniya, dokar 1998 ta hana yaro ɗan ƙasa da shekara 13 tuƙa tarakta ko zama a kanta yayin aikin gona. Saboda haka gonakin baƙi ke ɗaukar iyalai a tirelar da aka tanada domin fasinja, mai kafaffun kujeru da shinge ta kowane gefe, babba na tuƙi a hankali a kan hanyar da aka sani. Wannan shi ne zaɓi mafi aminci ga ƙananan yara.

Abin da ya kamata iyaye su duba

Daga waɗannan darussa ana iya tsamo ma'auni kaɗan da ke aiki a ko'ina. A duba ko akwai ruwa mai gudana da sabulu kusa da dabbobi, a tsayin da yaro zai kai. Kada a ci ko a sha a cikin garke, kada kuma a bar yaro ya sumbaci dabba ko ya ɗauki abin da ya faɗi ƙasa ya kai baki. A wanke takalma bayan an fito, sannan a sake wanke hannu. Madarar da ba a tafasa ba a bar ta, ko da a gaban ido aka tatse ta. Wajen abin hawa, a tambayi ƙa'idar shekaru, a tabbatar da hular kwano daidai kan yaro, a ƙi goyo a kan babur na mutum ɗaya, a kuma tambayi ko wurin yana da inshora. Idan gudawa ta biyo baya cikin mako biyu, musamman mai jini, a tafi asibiti a faɗa wa likita an je gona, maimakon sayen magani a kemis.

Inda alhakin yake a Najeriya

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga harkar. Wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba ya fara ne a matsayin gonar kiwon shanu a farkon shekarun 1950, kuma a Yankari ta Jihar Bauchi an daɗe ana zagayawa da iyalai cikin daji a mota. Baburan haya masu taya huɗu sun zama ruwan dare a wuraren shaƙatawa na bakin teku a Legas. Ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 ya ƙara jawo hankali ga gonakin kiwo na zamani, waɗanda karɓar ɗalibai da iyalai ka iya zame musu hanyar ƙarin kuɗin shiga.

Game da wanda ke da hurumin sa ido, Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana. A hukuncin da ta yanke a watan Yulin 2013 tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ta ce ikon tarayya ya tsaya ne a kan zirga-zirgar masu yawon buɗe ido daga ƙetare, yayin da rajista da kula da otal-otal da makamantansu ke hannun jihohi. Wannan ya yi kama da tsarin Italiya, inda yankuna ke riƙe da aikin yau da kullum. Don haka tambayoyin da suka shafi famfon wanke hannu, shekarun matuƙi, binciken likitan dabbobi da inshorar baƙi, majalisun dokokin jihohi da ma'aikatunsu na yawon buɗe ido da lafiya ne za a fara fuskanta da su. Ingila ta gyara nata tsarin bayan yara 76 sun kamu da cuta a gona guda, Amurka kuma bayan shekara 18 ana sayar da babur mai taya uku. Jihar da ta rubuta ƙa'idojinta tun harkar tana jaririya za ta amfana da darasin da wasu suka riga suka biya kuɗinsa.