Filin Bikin da Yunwa ta Haifa

Malam mai sauraro, ka tambayi asalin Wasen, babban filin biki na birnin Stuttgart a Jamus. To, ga amsa.

A 1815 dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta dushe hasken rana. A 1816 amfanin gona ya lalace har a Turai, yunwa ta shigo. Shi ya sa sarkin yankin, Wilhelm na ɗaya, ya kafa bikin manoma a filin a 1818: a baje dabbobi, gwani ya karɓi kyauta, saura su koya.

Har yau ana hallara a Afrilu, sannan a ƙarshen Satumba, lokacin kaka. Ka ga ke nan, neman cika rumbu ne ya fara tara mutane, shagali daga baya ya biyo. Da fatan ka gamsu.